Jinin da Ba Ya Tsayawa: Yini Guda Tare da Iyayen Masu Hemofiliya

Ana shafa addu'ar buɗe taro, likitar ta ajiye takardun da ke hannunta, ta dube mu, mu iyaye mata da muka cika layukan gaba. Ta ce, "Duk wadda a dangin mahaifiyarta aka taɓa rasa yaro namiji a wajen kaciya, ko bayan cire beli, ko bayan cire haƙori, ta ɗaga hannu."

Na ɗaga nawa a hankali, kaina a sunkuye, don a zatona ni kaɗai ce. Da na waiga sai na ga hannuwa a dama da hagu. Wata dattijuwa a bayana ta ɗaga nata biyu.

Wanda na ɗaga wa hannu ƙanena ne. Yana da shekara bakwai aka yi musu kaciya da hunturu, shi da yara biyar na unguwarmu. Sauran suka warke, suka ci kajinsu, suka koma makarantar allo. Shi kuwa jini ya yi ta ɗiga kwana uku. Wanzamin tsohon hannu ne, shi ya yi wa iyayenmu maza, kuma ya yi iya abin da ya sani. An barbaɗa garin bagaruwa, an ɗaure, an sha rubutu. A rana ta huɗu aka nemi mota, amma kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. A fili kowa ya ce kwana ne ya ƙare. A tsakar gida kuwa aka riƙa raɗa sunan wata tsohuwa maƙwabciyarmu, aka ce ita ta kama kurwarsa. Innarmu ba ta ƙara amsa gaisuwarta ba har matar ta bar duniya. Kuma duk tsawon shekarun nan babu wanda ya haɗa wannan rasuwa da ta kawunmu, wan Inna, wanda aka ce jini ya ƙare masa bayan an yi masa ƙaho yana saurayi.

Sai da na haifi nawa ɗan. Ɗan fari ne, don haka ba zan kama sunansa ba. Tun yana rarrafe nake ganin tabo baƙi-baƙi a gwiwoyinsa da ƙirjinsa, kamar wanda aka daka. Yana da shekara biyu ya faɗi ya ciji harshe, jinin ya tsaya ya dawo, ya tsaya ya dawo, har kwana biyu, sai da aka yi masa ƙarin jini. A nan ne wani likita ya tambaye ni labarin 'yan'uwana maza, ya tura mu gwaji, aka dawo mana da kalmar da ban taɓa ji ba: hemofiliya.

Taron da nake ba ku labari an yi shi ne a wani ɗakin taro na asibitin koyarwa, a tsakiyar zafin Afrilu. Ranar 17 ga Afrilu ita ce ranar masu wannan ciwo ta duniya. An zaɓe ta ne don ita ce ranar haihuwar Frank Schnabel, wani mai ciwon da ya kafa ƙungiyarsu ta duniya a birnin Montreal na Kanada a 1963. A nan Najeriya ma akwai gidauniyar masu hemofiliya, wadda wata uwa mai 'ya'ya masu ciwon ta kafa a 2005, cibiyarta tana Kaduna. Amma mu da muka zo ranar ba tarihin ƙungiya ya kawo mu ba. Kowa ya zo da yaronsa da katin asibitinsa da tambayoyin da ya rasa wanda zai yi wa.

Yadda likitar ta bayyana mana ciwon ya zauna mini fiye da duk takardun da aka taɓa ba ni. Ta ce mu tuna masu ginin ƙasa, yadda suke jeruwa suna miƙa tubali daga hannu zuwa hannu har ya isa ga magini a saman katanga. Idan jijiyar jini ta fashe, haka jiki yake yi: akwai wasu sinadarai a cikin jini da suke jere, wannan ya tayar da wancan, wancan ya tayar da na gaba, har a saƙa wata raga da za ta riƙe gudan jini ya toshe wurin. Likitoci sun ba su lambobi. Idan na takwas ne ya yi ƙaranci ko babu shi, ana kiran ciwon hemofiliya A, kuma shi ya fi yawa, kusan yaro ɗaya cikin kowane maza 5,000 da aka haifa. Idan na tara ne, hemofiliya B ke nan, wanda ya fi wancan ƙaranci sosai. Mutum ɗaya ya fita daga layi, tubali ya tsaya a hannun na bayansa, katanga ta zauna a buɗe.

Mai wannan ciwo jininsa ba ya fin na kowa gudu, daɗewa yake yi bai tsaya ba. Ƙaramin ƙwarzane a fata yakan tsaya idan an danne. Abin tsoron shi ne wanda ba a gani, wato jinin da ke zuba a cikin gaɓa ko cikin tsoka ko cikin kai. Kuma ciwon hawa-hawa ne. Wanda sinadarinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, shi ne mai tsanani, gwiwarsa takan kumbura haka kawai ba tare da ya bige ba. Daga kashi 1 zuwa 5 matsakaici ne. Daga 5 zuwa 40 mai sauƙi ne, wanda zai iya girma har ya yi aure bai sani ba, sai ranar da aka yi masa tiyata ko aka cire masa haƙori. Nawa ɗan yana cikin kashi na farko.

Gwiwa ita ce abin da ya fi haɗa mu hira da aka tashi shan ruwa. Kowace uwa tana da labarin gwiwa. Yaro ya kwanta lafiya, ya tashi da asuba yana kuka, gwiwa ta yi tulu, ta yi zafi, ba ya yarda a taɓa. Kakarsa ta ce targaɗe ne, a kai wa mai ɗori. Mai ɗori ya ja, ya murza, ya matse, jinin da ke ciki ya ƙaru. Wani ya ce sanyin ƙashi ne, wani ya ce sikila ce, wani ya ce a tsaga wurin a fitar da mataccen jini. Wata mata ta nuna mini tabon tsaga a ƙafar ɗanta, ta ce kwana shida suka yi a gadon asibiti saboda ita. Idan jini ya yi ta zuba a gaɓa ɗaya shekara da shekaru, yana cinye guringuntsin da ke wurin, gaɓar ta sandare, ƙafar ta tsotse. Akwai wani saurayi a wurin mai kimanin shekara ashirin da biyar, ɗinki yake yi, ƙafarsa ta hagu ba ta miƙewa. Ya ce har ya girma mutanen garinsu shan inna suke ce masa. Ya tara yaran a gefe yana faɗa musu yadda zubar jinin take farawa: wani ɗumi da motsi kamar tafiyar kiyashi a cikin gaɓar, tun kafin kumburi ya fito. Ya ce musu, "Da kun ji haka ku faɗa, ko da kun san an hana ku ƙwallo kuma kun buga. Dukan Baba ya fi sauƙi a kan wannan," yana nuna gwiwarsa. Wani uba ya amsa daga baya cewa ai babu ma mai dukansu. Na ga ɗana ya ƙura wa saurayin ido. Ranar ce ya fara ganin babban mutum mai irin ciwonsa, yana sana'a, yana dariya.

Daga nan aka shiga maganar gado, wadda ita ce mai nauyi. A cikin ƙwayoyin halittar da ke bambanta mace da namiji, mace tana da X biyu, namiji yana da X ɗaya da Y ɗaya. Umarnin haɗa sinadari na takwas da na tara a kan X yake. Idan X ɗaya na mace yana da tangarɗa, ɗayan yakan rufa mata asiri. Namiji ba shi da na biyu, kuma X ɗinsa daga uwa yake samunsa. Don haka mace mai ɗauke da shi, duk cikin da ta yi, idan namiji ne, ko ya zo da ciwon ko ya tsira, rabi da rabi. Idan mace ce, ko ta ɗauka kamar uwarta ko ta tsira, shi ma rabi da rabi. Namiji mai ciwon kuwa ba ya ba 'ya'yansa maza, amma duk 'ya'yansa mata za su ɗauka, ya ɓullo a jikokinsa.

Ana gama wannan bayani ɗakin ya yi tsit. Na san abin da kowace mace take tunani, don ni ma shi nake tunani: yanzu an ba dangin miji sanda. Wata yarinya da ba ta wuce shekara ashirin da biyu ba ta miƙe, goye da jariri, ta ce tun da surukarta ta ji cewa ta wajen uwa ciwon yake zuwa, ba ta da magana sai ta a ƙaro aure, a samo mai lafiyayyen jini. Muryarta ta karye, ta zauna.

Dattijuwar nan da ta ɗaga hannu biyu ce ta amsa mata. Ta ce, "'Yata, share hawayenki. Ni na binne biyu ban san sunan abin da ya kashe su ba. Ke kin san sunansa, kin san inda ake ba da allura. Ki ce wa Hajiya ni na ce, ke ma ba a kasuwa kika saye shi ba."

Likitar ta ƙara da abin da nake so kowace suruka ta ji. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran da ake ganowa, babu wanda aka sani da ciwon a danginsu, canji ne yake aukuwa sabo a ƙwayar halitta. Kuma sau da yawa matar da ake zargi daga mahaifinta ta karɓo. Ta ce gwajin jinin da ake yi kafin aure, na AA da AS da SS, ba ya nuna wannan ko kaɗan, domin na sikila ne. Sikila sai uwa da uba sun haɗu a kai, wannan kuwa ba ya buƙatar haka, kuma ba auren zumunci ke kawo shi ba. A ra'ayina wannan gaskiyar ta gado bai kamata a faɗa wa mace ita kaɗai a ɗakin likita a bar ta ta kai gida ba. A kira mijin, a kira uwarsa in da hali, su ji daga bakin mai farin kaya. Ni na yi sa'a, maigidana da kansa ya zauna ya yi wa mahaifiyarsa bayani, amma na ga waɗanda ba su yi wannan sa'ar ba.

Wani malamin makaranta da ya zo da 'ya'yansa biyu ya ba mu tarihin da ya sa mata da yawa suka gyara zama. Ya ce Sarauniya Biktoriya ta Ingila tana ɗauke da shi, ba a kuma san shi a kakanninta ba. Ɗanta Leopold ya rasu a 1884 yana da shekara 30 bayan ya zame ya faɗi. Ta hanyar 'ya'yanta mata biyu, Alice da Beatrice, ciwon ya shiga gidajen sarautar Jamus da Sifaniya da Rasha, har ya kama Alexei, ɗan sarkin Rasha na ƙarshe. Sai a 2009 gwajin ƙasusuwan gidan sarautar Rasha ya tabbatar da cewa nau'in B ne. Ya kuma ce tun kafin su, kimanin shekara dubu da suka wuce, likitan nan Musulmi na Ƙurɗuba a Andalus, Abul Ƙasim Az-Zahrawi, ya rubuta labarin wasu maza da jini ke kashe su daga ɗan ƙaramin rauni. Na ji daɗin wannan, domin akwai masu ce mana ciwon Turawa ne da asibiti ta ƙirƙiro.

Maganin shi ne a mayar wa jiki abin da ya rasa. Sinadarin yana zuwa a 'yar kwalba, gari ne fari, a dama shi da ruwansa a yi allura ta jijiya. Mu dai fakta muke ce masa. Na takwas ba ya daɗewa a jiki, cikin awa 8 zuwa 12 rabinsa ya tafi, shi ya sa a ƙasashe masu hali ake yi wa yara sau biyu ko uku a mako don rigakafi, su tashi da gaɓoɓinsu lafiya. A wurinmu tsadarsa ta fi ƙarfin albashi, mafi yawan abin da muke samu gudummawa ce da ƙungiyar duniya take aikowa ta hannun gidauniya da asibitocin koyarwa, kuma wata rana akwai, wata rana babu. Idan babu, sai a koma ga ruwan jini da aka daskarar, ko ƙarin jini. Akwai wani sabon magani mai suna emicizumab da aka amince da shi a Amurka a 2017, na masu nau'in A, wanda ake yi a ƙarƙashin fata sau ɗaya a mako ko mako biyu ko huɗu. Da aka ambace shi, uwaye suka yi ta rubuta sunan a bayan katin asibiti.

Abin da ya fi amfanata shi ne ilimin da iyaye suka koya da wahala suke raba wa juna kyauta. Kada a ba yaron asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, waɗanda masu kyamis ke miƙo wa duk mai ciwon gaɓa, domin suna ƙara zubar jini, farasitamol ne nasa. Kada a yi masa allura a tsoka, a ɗuwawu ko cinya, duk zazzaɓin da yake yi. Rigakafi kuwa ba a fasa shi, sai dai a faɗa wa ma'aikaciyar tun kafin ta zare allura, a yi ta yadda ya dace da shi, a danne wurin na mintuna. Gaɓa ta kumbura, a hutar da ita, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora, a ɗaga ta sama, a nemi fakta da wuri. Jinin baki da haɓo akwai ƙwayar da ake kira tranexamic acid da ke taimakawa, da izinin likita. Idan kuwa kai ne ya bugu, ko wuya ya kumbura, ko ciki ya murɗa, ba a jiran gari ya waye. Wata mata ta ce da mai sayar da ƙanƙara na bakin titinsu ta ƙulla amana, ko ƙarfe biyun dare ta buga masa ƙofa zai buɗe. Wata ta ce ta ɗinka wa ɗanta wando mai soso a gwiwa tun yana rarrafe. Wani uba ya ce a firjin wani mai shago da ke da sola yake ajiye kwalaben ɗansa. Muka karɓi lambobin juna, domin ranar da fakta ta ƙare a garinku, wani lokaci tana nan a garin wata.

Ba a manta da mu kanmu ba. Likitar ta tambayi mata nawa ne al'adarsu take wuce mako, ko suka zubar da jini sosai a haihuwa. Ashe mace mai ɗauke da ciwon ita ma sinadarinta yana iya yin ƙasa. Na tuna haihuwata ta biyu, da leda biyu ta jini da aka ƙara mini, da yadda ungozoma ta ce haka jikina yake. Likitar ta ce duk mai ciki a cikinmu ta haihu a babban asibiti, ta faɗa tun a awo, kuma idan namiji ne a gwada shi kafin aska ta taɓa shi.

Maganar kaciya ce ta ƙarshe, kuma maza ne suka fi zaƙewa a kanta. Wani ya ce ɗansa ya kai shekara goma sha ɗaya, yara suna yi masa dariya a rafi, yaron har ya ce zai je wurin wanzami da kansa. An gayyato wani malamin addini, ya ce malaman fiƙihu sun yi bayani a sarari cewa idan ana tsoron halaka ana jinkirta kaciya, kiyaye rai yana gaba. Likitar ta ce ana yi, kuma suna yi, amma a asibiti, bayan an tanadi fakta ta kafin aiki da ta kwanakin jinya. Ni ina ganin akwai waɗanda ya kamata a ce suna cikin ɗakin nan ba su zo ba, wato wanzamai da ungozomomi. Su ne suke fara taɓa jaririnmu, wani tun kwana uku da haihuwa. Ba na zargin wanda ya yi wa ƙanena, bai san abin da ba a sanar da shi ba. Amma da kowane wanzami zai yi tambaya ɗaya kafin ya buɗe zabira, ko a dangin uwar yaron akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa, da an tsirar da yara masu yawa. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, lissafi ya nuna masu ciwon dubbai ne, amma waɗanda aka gano kaɗan ne ƙwarai. Sauran suna cikin labaran da ake bayarwa irin na gidanmu.

Da la'asar aka raba shinkafa, aka ɗauki hoto, yaran suka yi ta guje-guje a baranda muna bin su da "a hankali, a hankali", har muka ji kanmu muka yi dariya, don duk muryarmu ɗaya.

Mako na zagayowa na je gida. Bayan sallar isha'i na zauna kusa da Inna a tabarma, na zana mata abin da aka zana mana, da tsinken tsintsiya a ƙasa: ga mahaifiyarta, ga wanta da aka yi wa ƙaho, ga ita, ga ƙanena, ga ni, ga jikanta. Na bi layin da tsinke daga sama har ƙasa. Ta daɗe tana kallo, carbi a hannunta bai motsa ba. Na ji tsoron kada ta ce ita ta kashe ɗanta, na fara cewa, "Inna, ba laifin kowa ba ne." Ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Wato baiwar Allahn nan ba ta ci mini ɗa ba."

Na ce, "Ba ta ci ba, Inna."

Ta share ido da gefen mayafi. Ta tambaye ni ko 'yar tsohuwar tana nan a gidan da aka kai ta aure a bayan kasuwa. Na ce tana nan. Ta ce in kwana, gobe da hantsi in raka ta, kuma in tsaya a hanya in sayi goro.